Tambaya da Amsa: Yadda Ake Leƙa Zurfin Ramukan Mars da Hotuna Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na ci karo da hoton wani rami na duniyar Mars a intanet, gefunansa duk ja da shuɗi, kamar injin da ya buga shi ne ya lalace. A ƙasa an rubuta wai in mutum ya sa wani tabarau zai ga zurfin ramin. Kumbon da ya ɗauki hoton yana can sama, ƙasa kawai yake kallo. Ta yaya shimfiɗaɗɗen hoto zai nuna zurfi? Ko dai zanen kwamfuta ne ake yi mana? *Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba zane ba ne, injin ma lafiyarsa ƙalau. Hotuna biyu ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya.

Ajiye mujallar tukuna. Miƙa hannu, ka ɗaga babban yatsa, ka saita shi da wata falwaya ko bishiya da ke nesa. Rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan yana tsalle, ya koma nan ya koma can. Jawo shi kusa da hanci, tsallen ya ƙaru. Tura shi nesa, ya ragu. Tsakanin idanunka akwai tazarar santimita 6 da ɗan wani abu, don haka kowanne da kusurwar da yake kallo daga ita. Ƙwaƙwalwa ce ke karɓar hotunan biyu, ta auna gocewar da ke tsakaninsu, ta ce maka wannan na kusa, wancan na nesa. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Wheatstone, shi ya bayyana haka a 1838, ya kuma ƙera na'urar madubai da ke ba kowane ido nasa hoton. Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna da jan abin leƙen nan mai faifai da alhazai kan kawo tsaraba, kana danna ɗan hannunsa kana ganin masallacin Makka da na Madina kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Dabarar ke nan, ba wata ba.

Ni da wannan dabara na ci abinci. Lokacin da nake aikin safiyo, da hotunan jirgin sama muke zana taswira. Kowane hoto santimita 23 ne tsawo da faɗi, kuma jirgin yana ɗaukar su ne ta yadda kashi 60 cikin 100 na abin da ke hoton farko zai sake fitowa a na biyu. Sai mu shimfiɗa biyun a tebur, mu girka gilashin leƙe mai ƙafafu a kansu. Ranar da abin ya fara buɗe mini, sai da na ɗan ja da baya, don gani na yi wani dutse ya taso zai soke ni a ido. A makon nan kuma na kwafsa: na sa hoton dama a hagu, na hagu a dama, na zauna ina zana wani dogon tudu mai lanƙwasa da zuciya ɗaya. Ogan namu ya leƙa ya ce, "Kai yaro, a garinku ruwa a kan tudu yake gudu?" Ashe rafi ne na mayar tudu. Riƙe wannan labari, za mu dawo kansa.

Yanzu mu je Mars. Ina kyautata zaton hoton da ka gani na kyamarar HiRISE ne, domin su ne suka fi sakin irin waɗannan. Tana jikin kumbon MRO na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, wanda aka harba a watan Agustan 2005, ya isa Mars a Maris ɗin 2006, kuma Jami'ar Arizona ce ke gudanar da ita. Madubinta rabin mita ne a faɗi. Daga tazarar kusan kilomita 300 a sama, kowane ɗigo na hotonta yana ɗaukar wajen santimita 30 na ƙasa, wato dutsen da ya kai girman teburin mai shayi ba zai ɓuya mata ba. Amma ido ɗaya gare ta. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Abin da suke yi shi ne su ɗauki wurin sau biyu. Kumbon yana zagaya Mars ta wajen arewa da kudu, kowane zagaye kusan minti 112. Yau zai wuce ta saman ramin ya ɗauka. Bayan kwanaki ko makonni zai sake wucewa ta gefe, gabas ko yamma da inda ya bi da farko, sai a karkata kumbon gaba ɗayansa ya waiwayi ramin ya sake ɗauka. Yana iya karkata har digiri 30. Zagayen farko ya zama ido ɗaya, na biyu ya zama ɗaya idon.

Bari in yi maka lissafin, don a nan daɗin yake. A ce hoton farko a tsaye aka ɗauke shi, na biyu kuma an karkata da digiri 20. Daga tsayin kilomita 300, tazarar da ke tsakanin wuraren biyu da kumbon ya ɗauki hoto ta haura kilomita 100. Ka ƙaddara wani basamude wanda tsakanin idanunsa ya fi nisan Kaduna zuwa Zariya, ya sunkuyo yana kallon Mars. Idonsa kake ara in ka sa tabarau ɗin nan. Wani tudu mai tsayin mita 10, ƙololuwarsa za ta goce da kusan mita 3 da rabi a hoto na biyu idan aka gwada da gindinsa, wato ɗigo 12. Rami kuma gocewarsa ta ɗaya ɓangaren take. Tsallen yatsanka ne dai, sai dai an mai da shi lamba.

Jamusawa kuwa wata hanya suka bi, kuma a matsayina na tsohon safiyo tasu ta fi kwanta mini. Kyamararsu HRSC tana kan kumbon Mars Express na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda ya isa can a Disambar 2003, kuma marigayi Gerhard Neukum na Berlin ne ya jagoranci aikinta. A cikinta akwai layuka 9 masu ɗaukar haske. Wani na kallon ƙasa a tsaye, wani na hangen gaba da kusan digiri 19, wani na waiwayen baya da haka nan. Kumbon na tafiya, layin gaba ya fara ganin tsauni, na tsakiya ya gan shi, na baya ya yi masa kallon ƙarshe, duk a wucewa ɗaya. Rana ba ta gusa ba, inuwa ba ta sake ba. Kaifinta bai kai na HiRISE ba, ɗigonta wajen mita 10 ne in kumbon ya matso kusa, amma tana share fili mai faɗi, alhali HiRISE ɗan zirin kilomita 6 take ɗauka. Japanawa ma da kumbonsu Kaguya a 2007, da Indiyawa da Chandrayaan-1 a 2008, irin wannan tsari suka ɗauka zuwa wata.

Saura ja da shuɗin. Takarda ɗaya ce ko fuskar waya ɗaya, idanu kuma biyu, dole a raba musu. Sai a rina hoton hagu da ja, na dama da shuɗi mai ruwan tsanwa, a haɗe su. Tabarau ɗin jan gilashi ne a hagu, shuɗi a dama. Kowane gilashi yana barin nasa launi ya wuce, ya tare ɗayan, kowane ido ya sami rabonsa.

Masana ba don kallo kawai suke wannan wahala ba. Ido ba mudu ba ne, ya dai san kima. In ana son awo, kwamfuta ake ba hotunan, ta bi su ɗigo-ɗigo tana neman tagwayen kowane wuri, ta auna gocewarsa, ta fitar da taswirar tudu da kwari mai lamba a kowace mita ɗaya. Sannan a ɗaure taswirar da awon MOLA, wata na'urar hasken leza da ke kan kumbon Mars Global Surveyor, wadda ta riƙa harba haske ƙasa tana ƙirga lokacin dawowarsa har zuwa 2001. Mu ma haka muke yi, sai mun nemo turakun siminti da aka riga aka san tsayinsu mu ɗaure hotunanmu a kansu. Amfaninsa ya fito fili ranar 18 ga Fabrairun 2021, da motar bincike Perseverance ke sauka a ramin Jezero. A ranar, saƙo daga can yana ɗaukar minti 11 kafin ya iso duniya, saukar kuma duka-duka minti 7 ce, ba mai iya riƙe mata sitiyari daga nan. Tana gangarowa tana ɗaukar hoto, tana gwadawa da taswirar da aka ɗura mata, wadda masu safiyon gwamnatin Amurka da ke garin Flagstaff suka haɗa daga irin waɗannan tagwayen hotuna, har ta kauce wa duwatsu ta zaɓi inda za ta dira.

Tambaya: Malam, ina koyar da labarin ƙasa a sakandare. Ina son in haɗa irin hoton nan da hannuna in nuna wa ɗalibaina. Kwamfutata tsohuwa ce, kuma ban taɓa ganin mai sayar da tabarau ɗin a kasuwarmu ba. Ina zan fara? *Daga wata malama, Maraɗi.*

Amsa: Malama, kada ki fara da Mars. Fara da tsakar gida. Ajiye turmi, da tulu a bayansa, da kujera can gaba. Ɗauki hoto da waya, ki gusa dama kamar faɗin tafin hannu ba tare da kin ɗaga wayar ko kin sunkuyar da ita ba, ki sake ɗauka. In abu mai nisa ne sai a ƙara tazara. Ni da na gwada da dutsen Kufena daga bakin hanya, sai da na yi taku da yawa tsakanin hoton farko da na biyu kafin ya fito da ƙirjinsa. Abin da kawai za ki kiyaye, kada akuya ta ratsa tsakani.

In hannu ya faɗa, sai ki shiga shafin HiRISE na Jami'ar Arizona. Kyauta ne, kuma sun ware sashe na tagwayen hotuna, har da dubban waɗanda suka riga suka rina. Ki sauke ƙananan, domin cikakken hoto guda yana iya cinye miki datar wata. Ki nemi baƙi-da-fari waɗanda aka daidaita da taswira, arewa tana sama. Wannan zai rage miki aiki, tunda kumbon gabas da yamma yake karkata, gocewar za ta zo hagu da dama, yadda idanu ke so. Ido ba ya jure gocewar sama da ƙasa. Ko kaɗan ce sai ta sa ciwon kai.

Akwai manhajar gyaran hoto mai suna GIMP, kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Buɗe hotunan biyu, ki yanko yanki ɗaya daga kowanne, ki ɗora wannan kan wancan, ki rage duhun na sama har ki riƙa hango na ƙasa. Zaɓi wani ɗan dutse ko ƙaramin rami a tsakiya, ki ja hoton har dutsen ya hau kan ɗan'uwansa daidai. Duba kusurwoyi huɗu. In kin ga wani abu ya fi tagwayensa hawa sama, ki ɗan juya hoton ko ki daidaita girmansa. A nan rabin yini ke tafiya, kada ki ce ban faɗa miki ba. In sun daidaitu, ki zuba hoton hagu a gurbin ja, na dama a gurbin kore da na shuɗi, ki haɗa. Wanda aka ɗauka daga yamma shi ne na hagu. In kin leƙa kin ga ramuka sun kumbura, kuskurena na rafi ne kika maimaita, sai ki musanya su. Akwai kuma StereoPhoto Maker, ita ma kyauta, wadda ke yin daidaitawar da kanta, amma ina so ki yi da hannu ko sau ɗaya ne, don ki san abin da za ki gaya wa yara.

Babban abin da ke ɓata aikin nan inuwa ce. Ƙwaƙwalwa tana neman abu iri ɗaya a hotunan biyu. In inuwar dutse ta yi tsawo a wannan ta gajarce a wancan, sai wurin ya riƙa ƙyalli yana yi wa ido gardama. Mars tana da damina da rani irin nata, shekararta kwana 687, raɓar ƙanƙara tana sauka ta tashi, ƙura tana turnuƙewa fiye da hazon hunturunmu, har tuddan yashinta suna gusawa a hankali kamar na hamadar Tenere. Ga wata 'yar dabara: sunan kusan kowane hoton HiRISE yana farawa da PSP ko ESP, sai wata doguwar lamba, wadda ita ce lambar zagayen kumbon. Ɗebe ƙaramar daga babbar, ki raba da 13, zai ba ki kimanin kwanakin da ke tsakanin hotunan. In makonni ne, bismilla. In watanni ne masu yawa, nemi wasu.

Tabarau kuwa, kwali da almakashi sun isa. Nemi ledar naɗe kyauta mai ɗaukar ido, ja da shuɗiya, wajen masu sayar da kayan biki. Gwajinta: zana layi da jan biro a farar takarda. Ta cikin jar leda layin ya kusa ɓacewa, ta cikin shuɗiyar ya koma baƙi. In bai yi ba, ninka ledar biyu. Shuɗiyar ce mai wuyar dacewa, mai haske-haske da ta karkata wajen kore ta fi mai duhu.

In za ki bi shawarata, fara musu da ramin Victoria na Mars. Faɗinsa bai kai kilomita ɗaya ba, bakinsa a ciccije kamar an gutsuri waina, cikinsa kuma tarin yashi ne mai zanen saƙa. Yaro na ganinsa zai gane rami ne.

Tambaya: Ranka ya daɗe, tsaunukan da nake gani a hotunan nan tsaye suke cak kamar katangar birni. Haka suke da gaske? *Daga wani direba, Kumasi.*

Amsa: Yawanci ba haka suke ba, ɗan'uwa, kuma wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Dalili biyu ne. Na farko daga dabarar kanta yake. Kusurwar digiri 20 da na ambata a sama, idanunka ba sa yin irinta sai abu yana kusan santimita 18 daga hancinka. Kai kuma kana kallon hoton daga nesa da haka, sai ƙwaƙwalwa ta miƙar da tsayin ya ninka. Mu ma a hotunan jirgin sama haka muke ganin gidan ƙasa kamar bene, mun dai saba ne muna ragewa a zuci.

Na biyu kuwa da gangan ne. In an sami taswirar tudu da kwari, kwamfuta na iya zana wurin kamar kana shawagi a gefensa, masu zanen kuma sukan ninka tsayi don abin ya yi armashi. Hotunan Zara matar wata, wato duniyar Venus, da kumbon Magellan ya auno da na'urar rada tsakanin 1990 da 1994 sun yi suna a nan: wasu an ninka tsayinsu sau 10, wasu fiye da sau 20, duwatsu masu kwanciya suka koma kamar tsinin mashi. Masu gaskiya suna rubuta adadin ninkin a ƙasan hoto, sai dai masu yaɗawa a Facebook su yanke rubutun.

Ɗauki Olympus Mons, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Mars. Ya haura kilomita 21, ya ninka Everest, dutsen da ya fi kowanne tsayi a duniyarmu, fiye da sau biyu. Amma faɗinsa kusan kilomita 600 ne. In ka wuce gangaren da ke gefensa, hawan bai fi digiri 5 ba a yawancin wurare. Kai da ka san hanya, da giya ta uku za ka hau shi, sai dai man da za ka sha. Wanda ke da ban tsoro na gaske shi ne kwazazzabon Valles Marineris, mai tsawon kusan kilomita 4,000, wanda zurfinsa ya kai kilomita 7 a wasu wurare.

Tambaya: Baba, ni ko hoton wata na kalla, ramukan sai in gan su kamar ƙosai a faranti. Idona ne? *Daga wata ɗaliba, Gusau.*

Amsa: Idonki garau yake, 'yata. Tun muna jarirai haske daga sama yake zo mana, don haka ƙwaƙwalwa ta yanke cewa abin da samansa ke da haske, ƙasansa ke da inuwa, to tudu ne. In rana ta hasko ramin daga ƙasan hoto, sai ta karanta shi a juye. Juya wayar, kai ya koma ƙasa, za ki ga ƙosan ya lotsa. Wannan ruɗin na hoto ɗaya ne, yana cikin dalilan da suka sa ake neman biyu. Af, shi wata tun wajen 1858 wani ɗan Ingila, Warren De la Rue, ya yi masa tagwayen hotuna daga nan ƙasa, ba kumbo ba komai. Wata yana ɗan girgiza fuska hagu da dama a tafiyarsa, sai ya ɗauke shi a lokuta biyu mabambanta ya haɗa, ya fito a dunƙule kamar ƙwallo.

Tambaya: Malam, idona na dama ya mutu tun ina yaro. Ke nan ba ni da rabo a wannan kallo? *Daga wani mai karatu, Garwa.*

Amsa: Allah ya ƙara lafiya, ya bar maka ɗayan. Tabarau ba zai yi maka aiki ba, haka ma mutane da dama masu harara-garke, kada ka ɓata kuɗinka. Amma da sauran hanya. A daidaita hotunan biyu kamar yadda na gaya wa Malama, sai maimakon a rina su, a sa su riƙa musanya wuri a fuskar waya da sauri, wannan ya fito wancan ya ɓace, kamar sau uku ko huɗu a daƙiƙa. Ƙasar za ta riƙa rausaya, tudu ya yi nan, kwari ya yi can, ƙwaƙwalwa ta tsamo zurfin daga motsin. Abin da kake yi ke nan ba ka sani ba duk sanda ka ɗan gyaɗa kai kafin ka tsallake kwata. GIMP ɗin nan tana iya ajiye hotuna biyun a matsayin hoto mai motsi, ka tura wayarka. Ka fara da turmi da tulu na tsakar gida, sannan ramin Victoria.